WA KE DA IKON YANKA KUƊIN LASIFIKA?

'Yan'uwa talakawa, ku saurara. Yau babu masallaci ko gidan biki ko mai talla a kasuwannin Agye da Gazawa da Gidan Rumji da ba ya bukatar lasifika. Yawancinta ƙirar Sin ce, ta Kano da Maraɗi take biyowa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, har su daidaita. Haka muka gada.

To, amma manyan kamfanonin Turai da Amurka suna da wata dabara. Sai kamfani ya yanka kuɗi, ya ce wa masu sari: kada wanda ya yi tallar kayanmu ƙasa da haka, wanda ya ƙi a hana shi kaya. Hujjarsu wai don kada babban attajiri ya karya kuɗi ya kashe ƙaramin mai kanti. Mun yarda akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma wa ke biya? Mai saye. In kowane kanti kuɗi ɗaya ya rubuta, ina talaka zai gane mai araha?

Ba zato muke yi ba. A 2018 hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Asus da Philips da Pioneer da Denon & Marantz fiye da Yuro miliyan 111, don sun matsa wa masu sayarwa ta intanet kada su yi ragi. Amurka kuwa, babbar kotunta ta sassauta wa kamfanoni a shari'ar Leegin ta 2007.

Mu mun san wannan ciwo. Zamanin mulkin mallaka su CFAO da SCOA ke riƙe da awon gyaɗa, su ke riƙe da kanti, manomi ba shi da ta cewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Yanzu da ciniki ke komawa cikin wayar hannu, kuɗin da aka rubuta shi ke zama doka. Saboda haka muna kira. Hukuma ta yi aiki da dokar UEMOA ta 2002 wadda ta hana haɗa baki a yanka kuɗin kaya. Ƙananan 'yan kasuwa su haɗa jari su yi sari tare, shi ne maganin babban attajiri. Kamfani ya ba da shawara in ya so, amma ban da tilas. Kai kuma mai saye, zaga kanti uku, ka taya kafin ka kwance lalitarka.

Sallama tana bakin mai kaya, ba bakin kamfani ba.