Bashi a ƙetaren iyaka: Hukuncin kotu ma yana da ranar ƙarewa a ofishin filaye

Duk wanda ya san kasuwannin Jibiya, Illela, Maigatari, Kamba ko Mubi ya san cewa akasarin cinikin da ake yi da 'yan uwanmu na Maraɗi, Ƙonni, Damagaram, Gaya da Garwa a kan amana yake tafiya, a ɗora kaya yau, kuɗi su biyo baya. Rufe iyakokin da Nijeriya ta yi daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sun girgiza wannan amana, domin kaya sun maƙale a hanya, jari ya karye, wasu basussukan kuma sai da aka dangana da kotu. To, wanda ya yi nasara a kotun Nijar, ko Benin, ko Kamaru, ko Chadi, ya adana takardar hukuncinsa a akwati yana ganin magana ta ƙare, akwai sauran rina a kaba.

Waɗannan ƙasashe huɗu suna cikin ƙasashe 17 da ke aiki da dokokin kasuwanci na bai ɗaya na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port Louis ta 17 ga Oktoban 1993, babbar kotunta kuma tana Abidjan. Nijeriya da Ghana ba sa ciki, shi ya sa ɗan kasuwarmu kan ɗauka cewa abin da ya sani a gida shi ne a can. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 kuwa magana ce daban, domin OHADA yarjejeniya ce mai zaman kanta.

Dokar da ta shafe mu ita ce ta jingina da lamuni, wadda aka fara zartarwa a 1997, aka sabunta ta a Lome a watan Disamban 2010. Ta bai wa mai bin bashi damar ya nemi alƙali ya ba shi izinin rubuta jinginar wucin gadi a kan gida ko filin wanda yake bi, tun ma kafin a yanke hukunci a kan asalin bashin. Ana rubuta ta ne a ofishin rajistar filaye na inda kadarar take, kuma daga ranar da aka rubuta ne mai bashi ke samun matsayinsa a layi. Amfanin layin shi ne, idan an sayar da gidan, bayan an cire kuɗin shari'a da haƙƙin albashin ma'aikata, masu jingina ne ke karɓa, kowa gwargwadon ranar da ya yi rajista. Wanda ke riƙe da hukunci kawai ba tare da rajista ba yana can ƙarshen layi, sai abin da ya rage, in ya rage.

Sai dai wannan kariya tana tattare da wa'adodi, kuma a nan ne ake yin tuntuɓe. Alƙalin da ya ba da izinin yakan yanka lokacin da dole a shigar da ƙarar asalin bashin, in an wuce izinin ya faɗi. Dole kuma a sanar da wanda ake bi cikin kwana 15 da yin rajistar. Idan aka yi nasara, sashe na 221 ya ba da wata 6 kacal daga ranar da hukuncin ya tabbata domin a mayar da rajistar wucin gadi ta zama tabbatacciya. Wanda ya yi haka a kan lokaci, matsayinsa na ranar farko yana nan. Wanda ya yi sakaci, doka za ta ɗauka tamkar bai taɓa rubuta komai ba, kuma duk mai ruwa da tsaki zai iya neman a goge sunansa.

Ko tabbatacciyar ma ba ta har abada ba ce. Sashe na 196 ya ce rajista tana aiki ne na tsawon lokacin da yarjejeniya ko hukuncin kotu ya ƙayyade, ba zai wuce shekara 30 ba, sai fa idan dokar ƙasar ta tanadi wani abu daban, kuma ƙarfinta yana ƙarewa muddin ba a sabunta ta ba kafin wa'adin ya cika. Jin shekara 30 ɗin nan na iya sa mutum ya saki jiki, alhali ita iyaka ce ta sama, alƙali na iya rubuta abin da bai kai kusa da haka ba. Kalmar “kafin” kuma ba ado ba ce: wanda ya zo washegarin ranar ya makara.

Mu ɗauki misali. Wani Alhaji daga Illela yana bin abokin cinikinsa na Ƙonni sefa miliyan 20, ya rubuta jingina a kan gidansa, daga baya wani banki shi ma ya rubuta tasa ta miliyan 25. Idan gidan ya yi miliyan 30 a gwanjo, Alhaji zai kwashi nasa cif, banki ya ɗauki saura. Amma idan ya bari rajistarsa ta mutu, bashin nan yana nan bai faɗi ba, zai ma iya neman ya sake rubutawa, sai dai sabuwar rana za a ba shi, wato bayan banki, ya tashi da ƙasa da miliyan 5 bayan an cire kuɗin shari'a. In kuwa an riga an sayar da gidan an sauya suna a tsakanin, to babu inda zai sake rubutawa.

A ganina dokar ba ta yi zalunci ba, domin mai sayen gida shi ma yana da haƙƙin ya duba littafi ya san abin da ke kansa, ba tare da tsohon bashin da aka manta ya taso masa ba. Matsalar ita ce an gina ta a kan zaton cewa mai bashi yana kusa, yana karanta Faransanci, kuma yana da lauya na dindindin. Ɗan kasuwarmu kuwa sau da yawa yakan sallami lauyansa, ko aboka kamar yadda mutanen Nijar ke cewa, ranar da aka yi nasara. In kuma ta Allah ta kasance, magada su tarar da takarda cikin harshen da ba su ji, wa'adi kuwa yana ta tafiya, ko iyaka a buɗe take ko a rufe.

Akwai kuma wani shinge tun daga farko. A ƙa'ida, kadarar da aka yi wa cikakkiyar rajista, mai takardar mallaka da ake kira titir fonsiye, ita ake iya ɗora wa jingina, alhali gidaje da yawa a garuruwan Nijar takardar rabon fili kawai suke da ita. Hukuncin da aka yanke a Kano ko Sakkwato shi ma ba ya aiki a can kai tsaye, sai kotun ƙasar ta amince da shi.

Wanda ke da irin wannan rajista a yau, abin da ya kamace shi shi ne ya sa lauya ko notare ya karɓo masa takardar bayanin haƙƙoƙin da ke kan kadarar daga ofishin filaye. A cikinta zai ga ko sunansa yana nan da waɗanda suka shigo bayansa, sannan ya haɗa da takardar rajistarsa ya gano ranar ƙarewa, ya shigar da buƙatar sabuntawa da sauran watanni a gaba.