Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Babban Bankin Najeriya

Mai Girma Olayemi Cardoso,
Gwamnan Babban Bankin Najeriya,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne kan shirin rage amfani da tsabar kuɗi, wanda ke neman barin talakan karkara a baya.

Ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 ya jefa jama'a cikin ƙunci. Mutane suka wuni a layin banki, masu POS suka riƙa sayar da naira da naira, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris.

A kasuwar hatsi ta Dawanau da ta dabbobi ta Maigatari, yawancin ciniki hannu da hannu ne. Manomin da ƙauyensa ba banki, ba lantarki, ba sabis mai ƙarfi, yaya zai dogara da waya? Ga kuɗi na maƙalewa, ga 'yan damfara masu tura saƙon bogi.

Doka ta ɗora muku alhakin samar da kuɗin ƙasa. Don haka muna roƙonku:

Ku wadata bankuna da injinan cire kuɗi da tsabar kuɗi.

Ku tilasta mayar da kuɗin da suka maƙale cikin gaggawa.

Ku rage cajin tura ƙananan kuɗi.

Ku wayar da kan jama'a da harsunansu ta rediyo kafin kowane sabon mataki.

Allah ya yi muku jagora.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Kano.