Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Amana a Matsayin Tarko a Ƙungiyar Mafiya

Finafinan Amurka sun daɗe suna nuna ƙungiyar Mafiya a matsayin gidan rantsuwa da riƙon amana. Tarihin ƙungiyar a birnin New York ya saɓa wa wannan hoto, domin amanar da ake yabo ita ce hanyar da aka fi bi wajen hallaka 'ya'yanta.

Dalilin a fili yake. Jigon ƙungiya ba ya sakin jiki da baƙo, yana da masu gadi, yana kuma sauya hanya. Wanda zai iya fito da shi shi ne wanda suke cin abinci a kwano ɗaya. Ranar 15 ga Afrilu, 1931, aka harbe Joe Masseria a wani gidan abinci da ke Coney Island, da haɗin bakin mataimakinsa, Lucky Luciano. Ranar 16 ga Disamba, 1985, aka kashe Paul Castellano a ƙofar gidan abinci na Sparks bisa shirin John Gotti, bayan wani na kusa da shi ya tsegunta wurin ganawar.

Dokar ƙungiyar ma tarko ce. Wanda shugaba ya kira tilas ya amsa, domin ƙin zuwa tawaye ne, hukuncinsa kuwa kisa. A watan Mayun 1981 an gayyaci jagorori uku na gidan Bonanno zaman sulhu a Brooklyn, aka kashe su a nan take. A watan Agustan shekarar aka kira Dominick Napolitano, wanda ya karɓi jami'in FBI Joseph Pistone cikin rukuninsa bisa rashin sani. Ya amsa kiran, bai dawo ba.

Mai ja zai ce biyayyar Napolitano shaida ce ta ƙarfin amana. Abin da ya biyo baya ya rushe wannan hujja. Sammy Gravano ya ba da shaida a kan Gotti a 1992. Joseph Massino, wanda ke da hannu a kisan jagororin uku, ya koma ba gwamnati bayanai bayan kotu ta same shi da laifi a 2004. Tsoro ne ya riƙe su, da tsoron kurkuku ya rinjayi na ƙungiya sai rantsuwar ta warware.

Saboda haka ya kamata manazarta adabi da fim, musamman masu bibiyar finafinan da ake fassarawa zuwa Hausa, su yi hattara da kiran wannan biyayya amana. A Hausa, amana tana ɗora wa wanda aka ba ta nauyin kare mai ita, nauyin da shugabannin Mafiya ba su ɗauka ba.