Ai Ɗigo Ne Kawai

Wata gwaggota mai ɗinkin hula ta je asibiti a tsakiyar hunturu da kukan ido. Ji take kamar an watsa mata yashi, da yamma idon ya kaɗa ya yi jawur, ga hawaye ba ya tsayawa. Likita ya haska ya ce bushewar ido ce. Ta ce, "Likita, idon da ke zuba kamar famfo ne ya bushe?" Bai ɗago kai ba. Ya rubuta ya miƙa mata, ya ce, "Hajiya, a riƙa ɗigawa sau huɗu kullum." Iyakar bayanin ke nan. Kafin ta gama gyara mayafi na bayanta ya shigo.

Bayan mako uku fatar idonta ta yi ja, ta fara ƙaiƙayi, tana saɓa kamar busasshen leɓe, da safe kuma ta tashi a kumbure. Ko kusa ba ta zargi kwalbar ba, tunda likita ne ya rubuta. Sai ta ɗauka ciwon ne ya ci gaba, ta mayar da ɗigon sau takwas. Da abin ya ƙi, ta aika jikanta kemis, yaron kemis ya ce, "A gaya wa Mama ga wani mai ƙarfi, kwana biyu ya isa." Da gaske kuwa cikin kwana biyu ja ya tafi. Daga nan ta riƙe wannan mai ƙarfin har wata huɗu, kwalba na ƙarewa tana aikawa a sayo wata.

Mutum uku ne suka yi laifi a wannan labari, kuma laifin nasu iri ɗaya ne: raini. Likita ya raina ɗigon ido, shi ya sa bai ga ya cancanci bayanin minti biyu ba. Mai kemis ya raina shi, shi ya sa yake miƙa shi kamar alawa. Ita ma gwaggo ta raina shi, don da ƙwaya ce aka ce ta sha huɗu, ba za ta taɓa shan takwas ba. Allura muna tsoronta, ƙwaya muna ƙirga ta, amma abin da ake ɗigawa a cikin gaɓar da ba ta da madadi sai mu ce ai ruwa ne. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, a nan kuwa ba karin magana ba ce kawai, idon ne da kansa.

Da likitoci zan fara, domin su ne masu sani, kuma shirun mai sani ya fi na jahili muni. Na san uzurinku: layi ya kai bakin ƙofa, likita ɗaya, marasa lafiya tamanin. Gaskiya ne. Amma abin da ya kamata a gaya wa gwaggo bai kai tsawon gaisuwar da kuka yi da abokin aikinku a baranda ba. Tambayar da ta yi ma tana da amsa mai sauƙi. Hawaye ba ruwa ne zalla ba. Akwai ɗan maiƙo a samansa da wasu ƙananan ƙofofi a gefen fatar ido ke fitarwa, shi ke hana ruwan ƙafewa. In maiƙon ya yi ƙaranci, ga iskar hunturu, ga ƙura, ga fanka, ga mutum ya kafa wa allura da zare ko waya ido ya manta da ƙiftawa, sai saman ido ya bushe, ya aika saƙon gaggawa, a kwararo masa ruwa tsinke wanda ba ya zama. Shi ya sa busasshen ido ke zubar da hawaye. Da an faɗa mata haka, da ta fita ta san abin da take yaƙi da shi.

Sai kuma maganar kwalbar. Yawancin magungunan ɗigawa da ake buɗewa a rufe tsawon makonni suna ɗauke da sinadarin hana ruɓewa, wanda ya fi yawa shi ne benzalkonium chloride. Aikinsa kashe ƙwayoyin cuta a cikin kwalba, kuma halinsa irin na sabulu ne. Sabulu kuwa mun san abin da yake yi wa maiƙo. Wato maganin da aka ba ka don bushewar ido yana iya ƙunsar abin da ke wanke ɗan maiƙon da ya rage maka, ya kuma ƙone saman ido da fatar da ke kewaye da shi in an yawaita. Wannan ba ɓoyayyen ilimi ba ne. Duk ɗalibin likitancin ido ya san cewa wanda zai riƙa ɗiga hawayen roba fiye da sau huɗu a rana, a nema masa wanda ba shi da wannan sinadari, irin wanda ke zuwa cikin 'yan ƙananan robobi na amfani sau ɗaya. Ya fi tsada, i. To a faɗa wa mai ido ya zaɓa da kansa. Yanke masa hukunci da cewa ba zai iya saya ba, ko ba zai gane ba, shi ma wani rainin ne.

Fatar ido ita ce mafi siranta a jikin ɗan Adam, ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba. Ido kuma ba ya iya riƙe ko ɗigo ɗaya cikakke, abin da ya yi saura sai ya gangaro ya kwanta a kan wannan siririyar fata, safe, rana, yamma, dare. Mai ɗiga uku-uku don ya tabbatar ya shiga, fatarsa yake yi wa wanka da magani. Ƙurajen da ke biyo baya iri biyu ne. Wani ƙuna ce kawai ta yawan taɓawa. Wani kuwa jiki ne ya ƙi jinin sinadarin gaba ɗaya, kuma wannan shi ne mayaudari, don ba ya fitowa ranar farko. Sai an yi makonni, wani lokaci watanni, ana zaman lafiya, sannan ya ɓarke. Mai ciwo sai ya ce ba zai yiwu maganin ne ba, ai na daɗe ina sa shi. Neomycin ya yi ƙaurin suna a wannan aiki, gentamicin ma yana yi, haka wasu magungunan hawan jinin ido irin su brimonidine da dorzolamide. Likitan fata yana da gwajin da ake manna sinadarai a gadon baya na kwana biyu a ga wanda jiki zai tayar wa. Mutum nawa aka taɓa turawa wannan gwaji daga ɗakin likitan ido?

Kada a ɗauka matsalar ta magani mai araha ce. Masu hali da ke zuwa Masar ko Indiya ko Dubai ganin likita suna dawowa da magungunan bushewar ido na zamani, su ma da nasu halin. Restasis, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2002, sinadarinsa cyclosporine ne, dangin abin da ake ba wanda aka dasa wa ƙoda don kada jikinsa ya ƙi ta. Takardar da ke cikin kwalinsa ta faɗa ƙarara cewa kimanin kashi 17 cikin ɗari na masu amfani da shi suna jin ido na yaji. Amfaninsa kuma ba ya cika bayyana sai an yi wata uku zuwa shida. Xiidra, wanda ya fito a 2016, an san shi da barin wani ɗanɗano marar daɗi a baki, da gani dishi-dishi na ɗan lokaci bayan an ɗiga. Wanda ba a gaya wa ba, ya kashe maƙudan kuɗi, ya ɗiga ya ji yaji, ya ji ɗaci a maƙogwaro, sai ya jefar a mako na biyu ya ce jabu aka sayar masa. Wani kuma akasin haka: fatarsa ta kumbura, alamar ya dakata, amma ya daure saboda tsadar. Duka biyun rashin jimla ɗaya ce ta jefa su, wadda za ta raba musu yajin da ake haƙuri da shi da kumburin da ake komawa asibiti a kansa.

Wannan ɗaci a maƙogwaro ma darasi ne ga masu cewa ɗigo ne kawai. Akwai wata 'yar hanya daga kusurwar ido ta wajen hanci da ke zubar da hawaye cikin hanci, shi ya sa mai kuka ke jan majina. Magani ma ta nan yake bi ya shiga jini. Timolol na hawan jinin ido yana iya tayar wa mai asma ciwonsa, ya kuma rage bugun zuciya. Dabarar rage wannan kyauta ce: ɗigo ɗaya, a rufe ido, a danne kusurwar da yatsa minti ɗaya ko biyu, a goge abin da ya zubo a kan fata da tsumma mai tsabta. Nas za ta iya nuna wa mutum ashirin a lokaci guda suna zaune a benci. Ban taɓa ganin an yi ba a duk zaman layin da na yi.

Yanzu ga masu kemis, kuma a nan ba zan sassauta ba. Wannan "mai ƙarfi" da kuke miƙawa, in an karanta jikinsa za a ga dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone, sau da yawa a haɗe da neomycin. Sitiroyid ne. Yana kashe ja da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa yake jawo muku ciniki da addu'a. Amma kusan mutum ɗaya cikin uku, in ya yi makonni yana ɗiga shi, matsin cikin idonsa yana hawa, yara kuma sun fi saurin kamuwa. Matsin nan ba ya ciwo, ba ya ja, a hankali yake cinye jijiyar gani daga gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, wannan shi ne hawan jinin ido. Sitiroyid ɗin kuma yana kawo yanar ido. In kuma akwai gyambo a kan baƙin ido, ya ba cutar ƙofa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna hawan jinin ido shi ne na biyu wajen makantar da mutane bayan yana, wato muna da shi isasshe ba sai an sayar mana da ƙari a kan kanta ba. Ku dubi ƙetar haɗin kuma: sitiroyid na danne ƙurajen, neomycin na iya hura su, an daina ɗigawa su dawo da fushi, a koma a sake saya. Ba ku da na'urar auna matsin ido. Ba ku da fitilar duba baƙin ido. Da wane ido kuke ba da abin da likitan ido da kansa ba ya bayarwa sai da ranar dawowa? Cewa "shi ya nema" ba hujja ba ce. Da ya nemi fiya-fiya ya ce zai ɗiga, za ku miƙa?

Mu masu idon ma ba mu fita ba. Kwalba ɗaya gida guda, daga mai afolo zuwa jariri. Wadda aka buɗe tun azumi tana kan taga har babbar salla, alhali ƙa'ida a zubar bayan kwana 28. Bakin kwalba na gogar gashin ido. A Amurka a 2023, wani hawayen roba mai suna EzriCare, wanda aka yi a Indiya cikin kwalbar buɗe-rufe ba tare da sinadarin hana ruɓewa ba, ya gurɓata da ƙwayar cuta mai bijire wa magani. Mutum 81 suka kamu a jihohi 18, huɗu suka rasu, wasu aka ƙwaƙule musu ido. Can ke nan, inda ake bin sawun kowace kwalba. Fata ta yi ƙuraje kuma, maimakon a bar ta ta huta, sai a bi ta da man bilicin, a ranbaɗa kwalli a rufe. Wata ma sai ta ce kambun baka ne. Mafi ban haushi shi ne kunya: mutum ya koma wurin likita, a tambaye shi me yake sawa, ya ɓoye na kemis don kada a yi masa faɗa. Likita ba boka ba ne, da abin da ka faɗa masa yake aiki.

Abin yi bai da wuya. Hawayen roba ne ya tayar maka da fata, ajiye shi ka koma wurin wanda ya rubuta, da kwalayen duka a leda. Maganin hawan jinin ido ne, ko sitiroyid da ka daɗe a kansa, kada ka yanke da kanka, ka je a canza ko a janye a hankali. In ido na zogi, ko gani ya ragu, ko haske ya gagare ka kallo, ko leɓe da fuska sun kumbura numfashi na sarƙewa, wannan ba na jiran gobe ba ne. Hukumar NAFDAC tana da takarda mai launin rawaya ta kai rahoton illar magani, ma'aikatan lafiya sun san da ita. A tambayi likitan da ya ga kumburarriyar fatar ido goma a wata ko sau nawa ya cike ta.

Gwaggo dai ƙarshe wata 'yarta ce ta gaji ta kai ta wani asibitin ido, ta zazzage ledar a kan teburin likita: kwalba bakwai, biyu babu murfi. Aka auna matsin, na hagu ya hau sosai. Aka janye sitiroyid ɗin a hankali, aka ba ta hawayen roba marar sinadarin nan, aka ce ta riƙa gasa fatar idon da tsumma mai ɗumi. Cikin 'yan makonni ƙurajen suka baje, matsin ma ya sauka. Ta koma ɗinki, sai dai yanzu in an shigo ɗakin ta hagunta ba ta sani sai an yi sallama. Yaron kemis ɗin yana nan a kwanar layinsu, jiya ma na ga wata mata riƙe da hannun yaro mai jajayen idanu tana ƙirga masa canji.