Lafiyar Iyali: Wayar Hannu a Ɗakin Shan Magani

A wannan wata za mu duba abin da yake sa wani asibiti ya ci moriyar wayar hannu, wani kuwa ya ajiye ta a aljihun tebur har ta yi ƙura.

Ku dubi uwar da ta tashi daga Yalwa da sassafe, da goyo a baya, za ta kai jariri allurar mako 6. Ta bar surfe, ta biya kuɗin babur, ta isa, sai aka ce allura ta ƙare, ta dawo wani mako. In ta karaya ba ta koma ba, to, ta mako 10, da ta mako 14, da ta ƙyanda a wata 9, duk sun wuce yaron.

Domin maganin irin wannan ne aka shigar da waya cikin aikin lafiya. A 2014 ƙungiyar eHealth Africa ta haɗa hannu da gwamnatin Jihar Kano, aka raba wa ma'aikatan lafiya wayoyi a shirin da ake kira Kano Connect. An kuma sa musu tsarin LoMIS Stock, wanda da shi malami yake aika lissafin allurar da ta rage, ya kuma sanar in firiji ya lalace. Da can, sai a rubuta a takarda a jira mai zuwa hedkwata.

Mun ga amfanin waya a yaƙi da shan inna. Daga 2013 zuwa 2015 masu ɗigon rigakafi sun riƙa yawo da wayoyin da suke nuna sawunsu a taswira, har a gane rugar da aka tsallake, a koma. Yaro na ƙarshe da cutar ta asali ta kama a jiharmu, a Sumaila ne, cikin Yulin 2014. A 2020 kuwa aka tabbatar Afirka ta rabu da ita.

To, me ya sa ba kowane asibiti yake riƙe wannan hanya ba?

Na fari, wuta. Wayar da ba caji, da ita da dutse duk ɗaya. Asibitin da yake da farantin hasken rana ya huta, gama shi zai ba waya caji, ya kuma riƙe firiji, tun da yawancin allurai suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8.

Na biyu, sabis. Malamin da sai ya hau tudu kafin saƙo ya tafi, ba zai daɗe yana yi ba. Shi ya sa tsari mai kyau yakan adana rahoto, ya tura shi sa'ad da sabis ya samu.

Na uku, koyarwa da yawan aiki. In ungozoma ɗaya ce take awo, take karɓar haihuwa, take cika rajista, sa'an nan a ce ta sake rubuta kome a waya, an ƙara mata kaya ne. Haka kuma in an yi wa wanda aka koya wa canjin wurin aiki, ilimin ya tafi da shi.

Na huɗu, kuɗi. Masu taimako sukan sayi waya, amma wa zai sa kati, wa zai yi gyara bayan sun tafi? In ba a sa wannan a kasafin hukuma ba, aikin ya tsaya.

Na biyar, wanda a ganinmu ya fi duka, shi ne amsa. In malami ya aika cewa allura ta kusa ƙarewa, ya ga an kawo, gobe ma zai aika. In ya aika sau uku shiru, ya bari ke nan. Waya ba ta ɗaukar kaya, mutum ne yake ɗauka.

Mu ma iyalai muna da namu rabo. Maigida, ba da lambar da take aiki, in an kira kuma ka gaya wa uwargida. Uwargida, nemi lambar malamin asibitinku, ki tambaya kafin ki kama hanya, ki kuma adana katin yaro, gama waya ba ta maye gurbinsa ba. Dattawan Rano da Kibiya da suke cikin kwamitin lafiya na mazaɓa, ku tambaya a taro: wayar tana aiki? Wa yake amsawa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.