Gawayin Kara, Ba na Itace Ba

Hunturu ya kama, an gama girbi, kuma duk wanda ya bi babbar hanyar Lome zuwa Dapaong da dare zai ga wuta tana ci a gonaki dama da hagu. Mu ma nan Langabou haka muke yi: mu tara karan masara da na auduga mu cinna musu wuta, da safe iska ta kwashe tokar. Damina ta faɗi kuma mu ce ƙasa ta gaji, mu shiga neman kuɗin takin zamani, alhali mun ga yadda farashinsa ya tashi a 2022 da aka fara yaƙin Rasha da Yukren.

Shin kun taɓa lura da gurbin da masu gawayi suka yi aiki? Sau da yawa shukar wurin ta fi ta kewaye kyau. Dalili kuwa, gawayi cike yake da 'yan ƙananan ramuka kamar soso. Yana riƙe ruwa, yana riƙe abincin shuka kada ruwan sama ya wanke shi, yana rage tsamin ƙasa, kuma yakan yi ɗaruruwan shekaru bai ruɓe ba. A dajin Amazon na ƙasar Barazil akwai baƙar ƙasa mai gawayi da mutanen da suka bari tun fiye da shekara 1000, har yau ta fi ta gefenta albarka.

Ba muna cewa a ƙara sare kaɗanya da ɗorawa ba ne, buhunan da ke jere a bakin hanya sun isa ɓarna. Kara, totuwa, ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa muke nufi. A haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, a kunna wuta a ƙasa, a riƙa zuba busasshen kara kaɗan-kaɗan. Da farar toka ta fara bayyana a sama, a ƙara wani. In ramin ya cika a kashe wutar da ruwa sosai, a daka.

To, ga inda muka yi tuntuɓe. Shekarar farko a lambun makaranta muka zuba shi tsura, sai ganyen masara ya yi rawaya, almajiranmu suna ta yi wa malam dariya a ɓoye. Ashe gawayi rumbu ne ba hatsi ba: in ya shiga ƙasa da yunwa, abincin shuka zai tsotse. Dole a cuɗa shi da kashin shanu ko na kaji, a jiƙa, a bar shi kamar mako 3. Takin zamani ma ba daina shi za a yi ba.

'Yan'uwanmu na Dapaong, inda ruwa ya fi ƙaranci, za su fi mu da mutanen Sokode amfana, sai dai can kara abincin dabba ne da makamashi, don haka su riƙi ɓawon gyaɗa. Bana a gwada a kunya 10, a bar 10 haka nan, a kira malamin gona na ICAT ya zo ya gani. Abin da ya fito ku rubuto mana.