Kafin Mu Ƙara Wa Kwamfuta Gudu, Mu Tuna Littafin Da Ke Cikinta



Da yawa daga cikinmu yanzu mun zama kamfanin ɗab'i na mutum ɗaya. Mu rubuta labari, mu tsara shafukansa, mu zana bango, wasunmu har su karanta shi su haɗa bidiyo su ɗora a YouTube. Duk wannan lodi yana kan kwamfutar tebur guda ɗaya, wadda galibi ta hannu ce. Da zarar ta fara jan ƙafa, ba a rasa mai ba da shawara: "Ai ofakulokin za ka yi mata, ta koma kamar sabuwa." Mu dai ra'ayinmu shi ne, kwamfutar da ke riƙe da rubutun mutum ba ta cancanci wannan kasada ba, musamman a irin yanayin garuruwanmu.

Ofakulokin shi ne tilasta wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta yi gudun da ya wuce wanda kamfani ya yanka mata. Lissafin ba shi da wuya. Akwai agogon tushe mai bugun megahaz 100, akwai kuma lambar ninki. Idan lambar 33 ce, gudun ya zama gigahaz 3.3. Sai mutum ya shiga BIOS ya mayar da ita 45, ya sami gigahaz 4.5. Haka masu sha'awar abin suka riƙa yi da Core i5-2500K da Intel ya fitar a 2011, wadda iyakarta daga kamfani 3.7 ce, kuma irin wannan nasara ce ta sa harkar ta yi suna. Amma furosesocin yau da kansu suke ƙara gudu idan sun ga sarari, abin da ya rage wa mai ƙari da hannu bai taka kara ya karya ba.

Gudun kuma ba kyauta yake zuwa ba. Kafin furosesa ta tsaya daram a sabon gudu, sai an ƙara mata ƙarfin wuta, wanda ake aunawa da bolt. Zafin da take fitarwa yana tafiya ne da gudun, sannan da ƙarfin wutar idan an ninka shi da kansa. Mu ɗauka an tashi daga bolt 1.2 zuwa 1.35. A ido ƙari ne ɗan kaɗan, amma shi kaɗai ya ƙara zafi da kusan kashi 27 cikin ɗari. A haɗa da tashi daga 3.7 zuwa 4.5, zafin ya ƙaru da fiye da rabi, alhali gudun da aka samu bai wuce kashi 22 ba. Ko a kasuwar Kurmi aka kawo mana wannan ciniki, sai mun tsaya mun yi tunani. Kuma wutar da ta zama zafi daga batirin inbata ko man janaretanmu take fita.

Yawancin masu koyar da wannan abu a intanet suna gwajinsu ne a ɗaki mai sanyin digiri ashirin da 'yan kai. Mu kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, watan Afrilu yana kai mu digiri 40, wani lokaci ya haura. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take hurawa, don haka duk digirin da ya ƙaru a ɗaki kusan shi ne yake ƙaruwa a jikin furosesa. Saitin da ya tsaya a 80 a wurinsu zai iya kai mu 95 ko fiye, kuma a wajen 95 zuwa 100 ne yawancinsu suke rage gudu da kansu don kada su ƙone. Ka ga an yi gudun banza ke nan. Ga kuma ƙurar hunturu da take toshe ƙarfen sanyaya kamar an lulluɓe shi da bargo.

Abin da ya fi damunmu a matsayin marubuta shi ne rashin daidaito. Idan kwamfuta ta nuna shuɗin allo ta mutu, ta yi mana adalci, domin ta faɗa mana akwai matsala. Mai haɗarin ita ce wadda take ci gaba da aiki lafiya lau a ido, amma jefi-jefi tana kuskuren lissafi a ɓoye. Fayil ɗin Word na zamani dunƙulallen ƙunshi ne da aka matse, kuskure ƙanƙani wajen adana shi zai iya sa ya ƙi buɗuwa. Mai buga gem idan nasa ya tsaya, sake kunnawa zai yi. Mai babi talatin da ya kwashe shekara biyu yana rubutawa fa?

Ko su kansu masu ƙera abin ba su tsira daga sharrin yawan wuta ba. A 2024 Intel ya amince cewa wasu furosesocinsa na tebur, zubi na 13 da na 14, suna neman ƙarfin wuta fiye da kima, hakan yana cinye su a hankali har su fara gardama. Ya fitar da gyara, ya kuma ƙara musu garantin shekara biyu, amma wadda ta riga ta lalace ba ta dawowa. Idan injiniyoyin kamfani sun yi tuntuɓe a nan, sai mu yi hattara da saitin da muka kwafo daga bidiyon minti goma.

Wani abin ban dariya ma, galibin kwamfutocin ofis na HP da Dell da suka cika kasuwanninmu a kulle suke, babu wurin taɓa lambar ninki. A ɓangaren Intel sai furosesa mai harafin K a ƙarshen suna, da babban allo mai jerin Z. Abin da zai sauya rayuwar irin waɗannan injina shi ne a cire tsohon hadis a sa SSD, a ƙara RAM, a busa ƙura, a sake shafa man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya. Wanda injinsa ya yarda, rage ƙarfin wutar kaɗan ma ya fi dacewa da zafinmu a kan ƙara shi.

Ba mu ce kada kowa ya koya ba. Wasunmu sun yi karatun kwamfuta a foliteknik, kuma ilimi ne mai daɗi da ya kamata a ce ana rubuta shi da Hausa. Mai son gwadawa ya fara kwashe rubutunsa zuwa wuri biyu daban. Ya ƙara lambar ninki ɗaya bayan ɗaya, ya sa ƙarfin wuta da hannunsa maimakon ya bar wa allo ya zaɓa, domin allo yakan zuba fiye da buƙata. Bayan kowane mataki ya gwada da Prime95 ko OCCT na tsawon sa'o'i, idonsa a kan HWiNFO, kada zafi ya wuce 85. Ya san yadda ake goge CMOS tun kafin injin ya ƙi tashi. Gwajin kuma ya yi shi da tsakar ranar bazara, domin saitin da ya ci jarrabawa a sanyin Disamba sai an sake masa wata a Afrilu.